Ɗige-ɗigen Gyalen Marfa

Akwai wani dattijo a garinmu na Holui, a bakin kogin Teza, ana ce masa Anisim Fadeyich. Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana zane a kan baƙaƙen akwatunan nan masu sheƙi da aka san garin da su. Da hannunsa ya soma rawa, sai 'yar ƙungiyar masu zanen da yake ciki ta ajiye shi a kujerar tantancewa. Duk akwatin da za a rubuta wa sunan gari, sai ya bi ta hannunsa.

Wannan rubutu ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. A ƙasan hoto, da ruwan zinariya, ake sa sunan gari a hagu, sunan mai zane a dama. Wanda aka yarje masa ya yi wannan rubutu ya shiga sahun masu sana'a. Wanda kuwa aka kama da jabu, ba aikinsa kaɗai yake rasawa ba. Ko a layin burodi sai mutane su ja jikinsu daga gare shi.

A waɗancan shekarun ƙasa ta rikice, kasuwannin Mosko sun cika da jabu. Mutum zai yanko hoto daga littafi, ya manna a kan murfi, ya shafe shi da man sheƙi, ya ɗan ja masa layin zinariya a gefe, ya rubuta sunan garinmu. Baƙi suna saye suna murna.

Anisim Fadeyich yana da hanya uku ta gane su. Ta farko hanci. Akwati na gaske kwali ne da aka manne, aka danne, aka jiƙa da mai, aka gasa shi makonni, saboda haka in ka buɗe shi ƙamshin man nan mai ɗaci-ɗaci zai tarbe ka. Ta biyu kunne. Murfin na gaske a hankali yake sauka, da wani ɗan sauti mai taushi, na roba kuwa sai ya ce ƙwas. Ta uku madubin ƙara girma. Hoton da inji ya buga, in ka ɗora masa madubi, za ka ga ɗige-ɗige a jere kamar shuka a kan kunya. Hannun mutum ba ya yin haka.

In ya tabbatar da jabu, yana da wata 'yar wuƙa mai ƙotar ƙashi. A gaban kowa zai tsaga man sheƙin, ya sa bakin wuƙar ya ɓanɓaro takardar, ya ɗaga ta sama don a gani. Ya yi haka sau da yawa, kuma gaskiya ne ya kare sunan garin. Sai dai abin ya shiga kansa. Ya kai yana faɗa a bainar jama'a cewa tun da aka ɗora shi a kujerar bai taɓa kuskure ba, kuma shi ba ya duba abu sau biyu.

A ƙungiyar akwai wata mata, Glafira Nikanorovna. Aikinta goge akwatuna. In masu zane sun gama, an shafa mai an gasa, ita ce ke bi da ƙyalle, daga baya da tafin hannunta tsirara, har sai mutum ya ga fuskarsa a jikin murfin. Shekara ashirin da takwas tana wannan aiki. Ba ta yi makarantar zane ba. Mijinta Kuzma shi ke haɗa akwatunan kwalin tun kafin a kai wa masu zane.

Ta haura hamsin, tana da jikoki biyu, amma Anisim Fadeyich bai taɓa kiranta da cikakken sunanta da na mahaifinta ba, yadda ake yi wa babba. Glashka yake ce mata, kamar wata yarinyar aike.

Abin da bai sani ba shi ne matarsa Marfa ta yi shekara goma sha ɗaya tana koya wa Glafira zane. Kowace Lahadi bayan an taso daga coci, sai su shige madafin Glafira su rufe ƙofa. Shi ya ɗauka tsegumi suke yi suna jiƙa kokwamba a gishiri. Marfa ce ta koya mata haɗa launi da gwaiduwar ƙwai da ruwan tsami, da ɗaure buroshi daga gashin wutsiyar kurege, da kwaɓa zinariya da ƙaro, da goge ta da haƙorin kyarkeci har ta yi haske. Ta kuma roƙe ta kada ta bari Anisim ya sani tukuna. Ta ce mutumin kirki ne, amma dariyarsa tana kashe hannun mai koyo.

Marfa ta rasu a cikin wani hunturu, bayan gajeriyar jinya. Mace ce da ba ta son na'urar hoto. Ban da ɗan hoton da ke jikin fasfonta, wanda ko kama da ita bai yi ba, babu wani abu na fuskarta da ya rage.

Sai Glafira ta ɗauki akwati mafi kyau da Kuzma ya taɓa haɗawa, mai faɗin tafin hannu biyu, ta ce za ta zana Marfa.

Ta zana ta zaune a bakin taga, kogi a bayanta, ta yafa gyalen nan ruwan toka da ta saƙa da kanta da gashin akuya. Fuskar sau huɗu tana gogewa tana sakewa. A na biyar ta fito. Kuzma ya ce ranar da ya leƙa ya gani, sai da ya cire hularsa bai sani ba.

Gyalen kuwa wata biyar ya ci. Glafira ba ta yarda ta shafe shi da launi ɗaya ba. Kowace ƙwayar saƙa sai da ta ɗiga ta da bakin buroshi, layi bayan layi, yadda Marfa ta saƙa shi. Duka aikin wata goma sha huɗu ya ɗauka.

Niyyarta ta kai shi gaban kwamiti. In an karɓa, ta rubuta sunanta karo na farko a rayuwarta, sannan ta miƙa wa Anisim Fadeyich kyauta.

Kuzma bai so tsarin ba. Ya ce ta je ta gaya wa tsohon tun da wuri abin da ke cikin hoton. Ta ce a'a, so take ya gane matarsa da idonsa, babu wanda ya nuna masa.

Ya ce, "Ke kika sani, tsohuwa. Ni dai wata goma sha huɗu kajina suna yi miki ƙwai, ke ki kwashe gwaiduwa, ni ki bar ni da fari kamar mai ciwon hanta. In aka karɓe ki, sunan kajin za a rubuta a hagu."

Ta ce masa in ya ƙara magana, farin ma ba zai samu ba, ga shi kuma azumin coci ake yi, wanda ba a cin ƙwai a cikinsa, me ya haɗa shi da ƙwai.

Ranar wata Alhamis ce cikin Afrilu, saura kwana goma bikin Ista. Kogi ya cika ya shiga tituna kamar yadda ya saba, sai a kwale-kwale Kuzma ya kai ta. Ya tsaya a waje yana shan tabarsa, ita ta shiga da akwatin a naɗe cikin tawul.

Mutum bakwai ne a kwamitin, sun kewaye dogon tebur, tukunyar shayi tana huci a kusurwa. Shugabarsu Zoya Tihonovna ce, mai zane ce ita ma, sa'ar Marfa, kuma ita kaɗai ce a garin ke iya mayar wa Anisim magana. Mu sauran ma'aikata muna tsaye a baya.

Al'adar wurin biyu ce. Mai aiki ba ya magana sai an tambaye shi. Kuma mai kujerar tantancewa shi ke fara dubawa, babu mai leƙawa sai ya gama ya miƙa.

Da aka kira sunan Glafira, Anisim Fadeyich ya ɗago kai ya yi dariya.

"Glashka? Ke ce? To wa kika bar wa ƙyallen?"

Mutum biyu suka taya shi dariyar. Ta warware tawul ɗin ta ajiye akwatin a gabansa, ta koma ta tsaya, hannuwanta a haɗe.

Ya buɗe ya shaƙa. Ya rufe ya saurara. Ya sake buɗewa ya rufe. Ya ce akwatin dai na gaske ne, aikin Kuzma ne, ko a mafarki zai gane shi.

Daga nan ya juyo da murfin wajen fuskarsa. Glafira ta zuba masa ido tana jira. Ta yi zaton zai ja numfashi, ko ya ajiye, ko ya kira sunan matarsa. Fuskarsa ba ta motsa ba. Ya kalli hoton yadda mutum ke kallon bango.

Ta ɗauka fushi ya yi, don mai goge-goge ta yi ƙarfin halin zana matarsa.

Ya ɗauko madubinsa ya ɗora. Ya matsar da shi nan, ya matsar can, sannan ya tsaya a wuri guda, a kan kafaɗar gyalen. Ya daɗe a sunkuye. Da ya ɗago, murmushi yake yi, irin murmushin da duk muka sani.

Ya ce, "Ɗige-ɗige. A jere."

Ya jingina da kujera ya shiga bayani, a natse, kamar malami a aji. Ya ce a yi tunani mana. Wa ya fi kowa samun akwati na gaske a garin nan ba tare da an tambaye shi ba? Matar mai haɗa akwati. Wa ke da man sheƙi da tanderu a hannunta kullum? Mai goge-goge. Ya ce ya daɗe yana jiran ranar da ɓarnar za ta taso daga cikin gida, ga ta kuwa ta zo.

Zoya Tihonovna ta miƙa hannu ta ce ya turo akwatin sauran ma su gani. Ya ce babu buƙata, kada a ɓata wa mutane lokaci. Ta ce ai idanu goma sha huɗu ne a teburin. Ya ce biyu sun isa, in na kirki ne.

Sai ya juya wajen Glafira.

"Daga wane littafi kika yanko shi?"

An tambaye ta, don haka ta sami damar magana. Ta ce, "Da hannuna na yi, Anisim Fadeyich. Ka dubi fuskar. Don Allah ka dubi fuskar."

Ya ce, "Na dubi abin da ya kamata a duba."

Ya sa hannu a aljihu ya fito da wuƙar.

Glafira ta yi taku ɗaya, amma teburin yana tsakaninsu. Ya dasa bakin wuƙar a kan kafaɗar gyalen ya danna. Man sheƙi da aka shafa sau bakwai aka gasa sau bakwai tauri gare shi kamar gilashi, hannun tsohon kuma da ma rawa yake yi. Wuƙar ta zame. Ta bi ta kan haɓa, ta ratsa kunci da ido, ta fita ta goshi.

Har yau ina jin wannan ƙarar. Ba mai ƙarfi ba ce. Kamar an ja ƙusa a kan faranti.

Bai damu ba. Ya karkata bakin wuƙar cikin tsagar yana neman gefen takarda. Ya tona. Babu abin da ya ɓanɓaro. Abin da ya fito a bakin wuƙar ɓarɓashin launi ne, ja da ruwan ƙasa, a ƙarƙashinsa kuma ga farin shafe da masu zane ke fara shimfiɗawa kafin su sa launi. Duk wanda ke teburin ya san wannan farin. Takarda ba ta da shi.

Ya ɗaga wuƙar zai gwada wani wurin. Zoya Tihonovna ta riƙe wuyan hannunsa. Ta zare akwatin daga gabansa, ta karɓi madubin ta sunkuya.

Tana dubawa tana faɗin abin da take gani, a hankali, kamar mai karanta wasiƙar rasuwa. Ta ce ba ɗigo ba ne. Kowane ɗaya ɗan lanƙwasa ne mai jela, kamar zare ya shiga cikin zare. Ta ce babu biyu da suka yi daidai da juna. Ta ce ga wurin da zaren ya yi kauri, ga wurin da aka yi ɗinki a kan wata tsohuwar ɓula. Saƙa ce aka zana, ƙwaya-ƙwaya.

Sannan ta ajiye madubin ta ja akwatin baya don ta ga hoton gaba ɗaya. Ta yi alamar gicciye.

Ta ce, "Fadeyich. Ka san wa ka yanka?"

Ya ce wata mata ce a bakin taga.

Ta ce, "Marfa ce."

Aka miƙa akwatin hannu zuwa hannu. Kowa ya kalla sai ya rufe baki. Da ido ɗaya da rabin murmushin da suka rage, babu wanda bai gane ta ba. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi dariya ɗazu ya tashi ya je bakin taga ya juya mana baya.

Da akwatin ya dawo wurin Anisim Fadeyich, ya ɗauke shi da hannu biyu. Ya kawo shi daf da hancinsa. Ya ja shi baya. Ya karkata kai gefe guda kamar kaza. Ya juya shi wajen haske. Muna tsaye muna kallonsa, a nan ne muka fara gane abin da ke faruwa.

Ya ajiye shi. Bai kalli kowa ba ya ce, "Shekara biyu ke nan ba na ganin fuska. Ku ma da muryoyinku nake gane ku. In na sa madubi ina ganin wuri kamar faɗin farce. Iyakarta ke nan."

Shekara biyu. Mutumin da muke tsayawa gabansa a tsorace, wanda kalmarsa ɗaya ke rufe ƙofar mutum, ashe da hanci da kunne da faɗin farce yake yanke mana hukunci. Ya haddace matakalar ginin da wurin zaman kowa, bai gaya wa ko 'yarsa ba, don kada a ce ya sauka daga kujera.

Zoya Tihonovna ta tambaye shi akwati nawa ya kora a cikin shekara biyun. Ya ce bai sani ba. Daga baya da aka bi su ɗaya bayan ɗaya, mutum uku aka kira aka ba su haƙuri.

Glafira ta sauke hannuwanta. Ta matso teburin, ta jiƙa bakin yatsanta, ta tsince ɓarɓashin launin da ya zube a kan katako ɗaya-ɗaya, ta zuba cikin hankicinta ta ƙulle. Ta naɗe akwatin cikin tawul. Ta ɗan rusuna wa kwamiti kamar yadda ake yi, ta fita.

Kuzma da ya buɗe tawul ɗin a waje ya gani, sai ya zari filafilin kwale-kwale ya nufi matakala. Ta riƙe masa riga ta ce ya shiga ya tuƙa su gida, ruwa yana ƙaruwa.

A ranar kwamiti ya karɓe ta, babu wanda ya ja. A ranar kuma Anisim Fadeyich ya bar kujerarsa. Zoya Tihonovna da kanta ta kai mata labari da yamma. Glafira ta yi godiya, ta zuba mata shayi, ta koma feraye dankali.

Bayan Ista da kwana uku, ruwa ya janye ya bar taɓo. Aka ga Anisim Fadeyich yana bin katakan da aka shimfiɗa a kan titi, shi kaɗai, da sanda, abin da ba a taɓa ganinsa da shi ba. Ya tsaya a ƙofar gidan Kuzma ya cire hula.

Kuzma ne ya buɗe. Ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Ka zo da wuƙar, Fadeyich? Muna da burodin da ya ƙi yankuwa."

Tsohon ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Glafira Nikanorovna tana ciki?"

Tana madafi ta ji. Daga baya ta ce ba ta gane da ita ake ba sai da ya maimaita.

Ta shigo da shi ta zaunar. Ya nemi gafara, ba da dogon zance ba. Ta ce ta yafe, tun a cikin kwale-kwale ta yafe, don in ba ta yafe ba ba za ta iya shiga coci ranar Ista ba. Ya tambaye ta wa ya koya mata. Ta gaya masa: Lahadi nawa, shekara nawa, a kan wannan teburin da ya ɗora gwiwar hannunsa. Ya janye hannun a hankali. Ya tambaya don me Marfa ba ta gaya masa ba. Glafira ta ga babu amfanin ɓoyewa, ta faɗa masa abin da Marfa ta ce game da dariyarsa.

Daga ƙarshe ya roƙe ta ta gyara fuskar. Ya ce ya san ba zai gani ba, amma yana so ya san tana nan.

Ta ce za ta gwada.

Ta gwada kuwa. Duk lokacin zafi ta yi tana gwaji a kan wasu ƙananan alluna kafin ta taɓa akwatin. Fuskar farko ta fito irin ta ƙanwar ita Glafira. Ta biyu ta yi kama da wata mai sayar da madara. Ta uku kyakkyawa ce, amma ba kowa ba ce. Ta ce da can in ta rufe ido Marfa take gani, da yadda take ɗaga gira ɗaya in za ta yi gyara. Yanzu in ta rufe ido farin layin nan take gani.

Da ganye ya soma zuba, ta je gidansa da akwatin, ta gaya masa gaskiya. Ta ce za ta iya cike wurin da wata fuska, kuma ba zai taɓa sani ba, amma ba Marfa ba ce. Ta ce shi ya zaɓa.

Ya ce, "Jabu ke nan."

Ta ce, "Jabu ke nan."

Ya ce to ta bar shi yadda yake. Ta rubuta sunanta kawai.

Ta koma gida ta kwaɓa zinariya. A hagu ta rubuta Holui. A dama ta rubuta sunanta, tana da shekara hamsin da uku, karo na farko. Ta shafa mai, ta gasa, ta sake shafawa. Tsagar ta yi zurfi, man bai cike ta ba. Ta goge murfin da tafin hannunta kwana biyu, ta kai masa.

Bayan haka ta yi shekara goma sha shida tana zane. Akwatunanta sun je ƙasashen da ita ba ta taɓa zuwa ba. Da aka zaɓe ta cikin kwamiti, abu ɗaya ta nema: kada a yanke hukunci a kan kowane aiki sai ya zaga teburin duka, kuma kada a sake shigowa ɗakin da wuƙa.

Anisim Fadeyich ya ƙara shekara huɗu a duniya. Idon ya rufe gaba ɗaya a ta biyu. Wani lokaci Glafira takan biya ta gidansa ranar Lahadi, ya sa ta faɗa masa abin da ke cikin hoton: launin kogin, tukunyar furen da ke kan taga, ta wane gefe gyalen ya zamo daga kafaɗa. In ta zo kan fuska sai su biyun su yi shiru.

Na sha samunsa zaune da akwatin a cinyarsa yana bin murfin da yatsa. Glafira ta iya guga, murfin sumul yake kamar ruwa. Kogin, tagar, furen, wata biyar na saƙa, babu ɗaya da yatsa zai iya ji. A duk faɗin hoton matarsa, abu ɗaya ne kawai yatsansa ke samu, daga haɓa zuwa goshi. Nan yake bi ya dawo, ya sake bi.

Darasi: Ƙwarewa ba ta hana mutum kuskure, girman kai ne ke hana shi cewa "ban gani sosai ba, ku taya ni dubawa." Kada ka raina mutum saboda ƙaramin aikin da ka san shi da shi, kuma kada ka yanke hukuncin da ba ya gyaruwa alhali akwai wasu idanu a kusa da kai. Ana iya yafe maka, a haƙura, a ci gaba da gaishe ka, amma abin da ka ɓata ba lallai ne ya dawo ba. Ku tura wa wanda kuka san ana jin maganarsa a gida ko a wurin aiki, ya karanta tun wuƙar tana cikin aljihu.